Ranar da Aka Ce Na Ɓata a Bursa

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai rufa wa bawa asiri a gida da daji. Kun san ban zauna a bencin makaranta ba, don haka bakina ne ke tafiya, hannun Zulai matar Kabiru yana bin sa da biro. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini magana ko da maganar ta taɓa ta. Abin da ya sa na tsaya a kan shekarar da muka je Turkiyya shi ne labarin da kuka daɗe kuna yi da ni. Duk Sallah, in an ci an sha, sai wani ya ɗauko shi: ranar da Hajiya ta ɓata a ƙasar Turkiyya. Har jikokin da ba a haifa ba a lokacin sun haddace shi, suna kwaikwayon tafiyata. Ina jin ku, ina taya ku dariya. To yau mahaifinku yana kwance a makwancinsa, babu abin da bakin mutum zai rage masa, saboda haka ku buɗe kunne. Ni Tabawa ban taɓa ɓata ba, ko a Zariya, ko a Makka cikin taron alhazai, ko a nan Doha, balle a Bursa.

A lokacin ba mu daɗe da barin Zariya ba. Alhaji ya rufe rumfarsa ta zare da alharini, wadda masu ɗinkin babbar riga na birni duka suka sani, Kabiru kuma ya samu aikin bincike a jami'a a nan, ya kama gida a unguwar Mu'aither, ya ce ba zai bar mu mu kaɗai a wancan ƙaton gida ba. Ɗan da na goya a bayana shi ya zama kafil ɗinmu, sai da sa hannunsa za mu zauna a ƙasar. Na ce to, duniya ke nan. Amma ban zo na naɗe ƙafa ba. Ban iya karanta allon titi ba, sai dai na san hasumiya mai koren kai, na san kwanar da ake jin ƙamshin burodi, na san inda bas ke yin gunji kafin ya hau gada. Da waɗannan nake zuwa unguwar Fereej Abdel Aziz ni kaɗai, wurin wata 'yar Zangon Kumasi da ke sayar da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, mu sha hira, in dawo kafin la'asar. Shi kuwa Alhaji ya zama uban Hausawan unguwa. Ranar Juma'a falo cika yake yi da ɗalibai da ma'aikatan asibiti, wannan ya kawo rigimarsa da matarsa, wancan ya zo a yi wa jaririnsa addu'a. Ba a ɗaura aure ko a raɗa suna ba a zo an ɗauke shi ba. Na ɗan ga wasu abubuwa a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Ya tambaye ni ko mun ci abinci alhali kwano na gabansa. Na tsinci carbinsa a cikin firij. Na ɗora laifin a kan zafin garin, domin zafin Doha ko ƙarfe ya san da shi.

Wannan zafin ne ya kore mu. Da aka shiga watannin da ruwan famfo ke fitowa kamar na wankan jego, Kabiru ya ɗauki hutu ya ce mu je Turkiyya mu sha iska, wani tsohon gari da ake kira Bursa, a gindin dutse, inda sarakunansu na farko suka zauna. Zulai ce ta shirya yawon. Ita ba ta ƙaunar ƙofar da ake yankar tikiti, sai ta bi waya ta tono duk inda ake shiga kyauta, kuma wallahi ta iya. Mun ga wata tsohuwar bishiya da ta fi duk wata kuka da na taɓa gani faɗi, mutane na shan shayi a inuwarta. Mun bi wata unguwa mai gidajen katako masu fenti, ruwa na gudu a tsakiyar lungu. Mun tsaya a kan gada mai shaguna a bayanta kamar jaki da kaya. Alhaji yana ta murna, yana cewa kallo ne kaɗai cinikin da ba a yin asara a cikinsa. Ranar da abin ya faru, Zulai ta ce saura biyu: babban masallacin garin, mai maɓuɓɓugar ruwa a tsakiyarsa, da kaburburan sarakuna a kan tudu, inda ake hango garin gaba ɗaya.

A ƙofar masallacin ba a barin takalmi a waje kamar yadda muke yi. Leda ake ɗauka a zuba, a shiga da shi a hannu. Alhaji ya dubi ledar, ya dubi Kabiru.

"Ni in shiga ɗakin Allah riƙe da takalmi? A garinmu wanda aka gani da takalmi a hannu cikin masallaci, ɓarawo ne."

Aka yi dariya, na karɓi nasa na haɗa da nawa. Muka yi azahar. Wuri ne da ban taɓa ganin irinsa ba, ginshiƙai kamar gindin rimi, rubutun Larabci a bango kowane harafi ya fi mutum tsayi, ga ruwa na zuba a tsakiya, haske na saukowa a kansa daga sama. Bayan sallah gwiwoyinmu suka ce ba za su hau tudu ba. Kabiru ya zaunar da mu a gefen ruwan, ya ce kada mu motsa, yanzu za su je da Zulai da yaransu su dawo. Fasfo ɗinmu na jakarsa, wayar Alhaji ba ta da layin ƙasar, ni dama tawa tana masauki. Suka tafi. Na ga Alhaji ya jingina da ginshiƙi yana jan carbi, sai na ce bari in koma ɓangaren mata in ƙara nafila, don ban san ko zan sake ganin irin wannan wuri ba. Na ɗauki ledojin na tafi da su, saboda sabo. Da na sallame na dawo, babu kowa a jikin ginshiƙin.

Da farko ban tsorata ba. Na ce ko alwala ya sabunta, ko rubutun bango ya ja shi. Na zagaya ginshiƙan nan ɗaya bayan ɗaya, na leƙa sahun gaba inda mata ba sa zuwa, har wani mai gadi ya ɗaga mini hannu. Babu farar babbar riga, babu hular zanna. Sai na dubi hannuna. Takalmansa suna nan a leda. Ku da kuka tashi a gidansa kun san mutumin nan. Tsakar gidansa ma bai taɓa takawa ba takalmi ba, kuma ya sha zane Kabiru a kan yawo da ƙafa a ƙasa. In har ya fita daga masallacin nan da safa kawai, cikin garin da bai san kowa ba, to ba shi ne ya fita ba, wani abu ne ya fita da shi. A nan carbin firij ya faɗo mini a rai, da tambayar abinci, duka suka haɗu wuri guda.

Ƙofa uku ne da masallacin. In na zauna jiran Kabiru, kowane numfashi Alhaji na ƙara nisa. In na fita ta ƙofar da ba ita ba, na rasa shi na rasa kaina. Na tsaya na yi tunani irin na matar ɗan kasuwa. Ƙofa ɗaya tana kallon titin mota, ɗaya tana kallon fili, ɗaya kuma hayaniyar ciniki ce ke shigowa ta cikinta, har da ƙamshin sabon yadi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa da tsufansa a rumfa, in hankalinsa ya tafi, ƙafarsa kasuwa za ta nufa. Na sa takalmina, na rungume nasa a ƙirji, na faɗa ciki. Kasuwa ce mai rufi, lungu na haihuwar lungu, jama'a kafaɗa da kafaɗa. Na ɗaga murya na ce Alhaji, sai tsofaffin garin masu farar hula suka riƙa waiwayowa, ashe su ma haka ake kiran wanda ya je Makka. Kowace fuska ta juyo, ba tawa ba ce. Na riƙa tsayawa a bakin shaguna ina nuna takalman, in ɗaga hannu in nuna tsayinsa, in tsunkuli fatar hannuna in nuna baƙi, in buɗe hannuwa in nuna faɗin riga. Wani ya ɗauka gyara nake nema, ya ja ni har wurin mai ɗinkin takalmi. Wani ya ɗauka bara nake, ya sa hannu a aljihu. Ni Tabawa. Ban ma tsaya jin haushi ba. Abin da ke idona kawai shi ne motocin da na gani a babban titi, da jirgin ƙasan da ke bi ta tsakiyar gari ba ƙara, da dattijo ba takarda a jikinsa, ba harshe a bakinsa, kwance a wani ɗaki mai sanyi an rasa sunan da za a rubuta masa.

Wata mata mai sayar da tawul ce Allah ya jefo. Ta dubi takalman, ta dubi ƙafarta, alamar ta ga wucewar mutum ba takalmi, ta kama kafaɗata ta juya ni wajen wata ƙofar dutse mai lanƙwasa kamar baka. Na shiga. Fili ne mai bishiyoyi da teburan shayi, bene ya kewaye shi, sama da ƙasa shagunan alharini. Kafin in gan shi na ji muryarsa daga sama, cikin Hausa, da irin faɗan da yake yi wa yaran rumfa. Ban san yadda gwiwoyin da suka ƙi hawa tudu suka hau matakalar nan ba. Na same shi a bakin wani shago, ya damƙi gyalen alharini a hannu, yana tambayar mai shagon wa ya ba shi izinin zama a rumfar nan, ina Yaya Audu ya tafi. Yaya Audu, wansa, wanda ya rasu tun Kabiru na rarrafe. Mai shagon ya kara waya a kunne, na san hukuma yake kira. Mutane sun fara taruwa, wasu sun ɗaga wayoyinsu. Na matsa na ce Alhaji. Bai juyo ba. Na ce Malam. Na ce Baban Asabe, yadda nake kiransa tun haihuwar fari. Sai ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙuwa.

"Baiwar Allah, lafiya? Zare kike nema?"

Na ga mutuwa a rayuwata, na binne 'ya'ya biyu, amma ban taɓa jin tsoro irin na wannan tambayar ba. Yana tsaye a gabana, ina jin ƙamshin turarensa, kuma ba ya nan. Sai na gane cewa inda ya tafi, bai riga ya je Makka ba, bai haifi Asabe ba, saboda haka duk sunayen da nake da su ba su kai can ba. Suna ɗaya ne ya rage, wanda uwarsa ta kira shi da shi. Tun ranar da aka kai ni gidansa bakina bai taɓa furta shi ba. Ko a asibiti aka tambaye ni sunan maigida, sai dai in nemi wani ya faɗa. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, laƙabi na sa masa. Ranar, a gaban Turkawa da wayoyinsu, na buɗe baki na kira shi da shi, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga zaure. Ba zan maimaita shi a takardar nan ba, sau ɗayan ya isa. Ya yi firgigit. Na ga idanunsa suna dawowa a hankali, kamar mai fitowa daga rijiya. Ya saki gyalen. Ya dubi mutanen, ya dubi ƙafarsa, farar safa ta koma baƙa. Na durƙusa na sa masa takalman. Mai shagon, Allah ya saka masa, ya kashe wayar, ya kori 'yan kallo, ya kawo mana kujeru da shayi a 'yan kofunan gilas. Sannan Alhaji ya tuna mini da mahaifinsa, wanda na tarar a gidan a ƙarshen rayuwarsa, an ɗaura masa igiya a ƙafa an ɗaure a turken zaure don kada ya fita, yaran unguwa suna leƙe suna yi masa waƙa.

"Tabawa, kada ki bari su ɗaure ni."

"Muddin ina numfashi, babu mai sani," na ce.

Ni na dawo da mu, lungu bayan lungu, ban kuskure ko kwana ɗaya ba. Muka tarar da Kabiru a ƙofar masallaci ya jiƙe sharkaf, shi da mai gadi, Zulai na kuka, yara sun yi tsuru-tsuru. Ya tambayi abin da ya faru. Na ga leɓen Alhaji na motsi, sai na riga shi. Na ce ni ce na fita kallon kasuwa, hanya ta rikice mini, babanku ya biyo sawuna ya nemo ni. Kabiru bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"Haba Hajiya! Ba ki iya karatu ba, ba ki jin yarensu, me ya kai ki? Yanzu da Baba bai gan ki ba fa?"

Na sunkuyar da kai na haɗiye. Ga Zulai nan ta ajiye biro, wai ita ta lura da safar tun a ranar, ta rasa yadda wanda ya fita neman mutum zai ɓata safa a cikin takalmi. Na ce ta share ido ta ɗauki bironta, ba mu gama ba.

Da muka dawo Doha aka yanke mini hukunci. Kabiru ya ce khalas, wato magana ta ƙare, ba fita ni kaɗai. Fereej Abdel Aziz ya ƙare, daddawa sai dai a aiko. Labari ya riga mu isa Zariya ta waya. Asabe ta riƙa kirana tana tambayata yau wace rana ce, tana tsammanin ban gane gwaji ba ne. Har wurin likitan ƙwaƙwalwa aka kai ni, ya miƙo mini takarda da biro wai in zana agogo. Ni da nake sanin lokaci da inuwa, ban taɓa riƙe biro ba, na ture masa kayansa. Ya girgiza kai ya yi rubutu mai tsawo. Wulaƙancin bai dame ni ba kamar kujerar da ke bayana, inda Alhaji ke zaune a matsayin ɗan rakiya. Addu'ata ɗaya, kada likitan nan ya juya ya tambaye shi ko da sunan garin da muke. Bai juya ba. A mota Kabiru ya ce wa mahaifinsa, don Allah Baba ka riƙa sa mata ido, kada ka bar ta ta yi nisa da kai. Alhaji ya ce in sha Allahu. Ta madubi muka haɗa ido.

Haka na samu abin da nake nema ba tare da na roƙa ba: an ɗaure shi a jikina, kowa na ganin ni aka ɗaure. Amma kada ku zaci hutu ne. Tsoro ya zama abincina. Mabuɗin ƙofar gida a bakin zanena yake kwana. In ya shiga banɗaki ya daɗe, ina tsaye a ƙofa. Ranar Juma'a kuwa, da baƙi suka fara sallama, sai in riga kowa fitowa in ɗaga murya: a'a, Malam Sani ne na Ain Khaled, ya maijego, ya ɗan takwaran Alhaji? Da haka nake miƙa masa sunan mutum da unguwarsa da damuwarsa, shi kuma ya ɗora. Na ji da kunnena wasu na cewa tsohuwar ta zama mai surutu, ciwon ne. Matan da a da suke kawo mini shawarar 'ya'yansu suka koma yi mini magana a hankali kamar yarinya. Shi kuwa aka ci gaba da zuwa ɗaukarsa ɗaurin aure da suna, ni ina biye wai don kada a bar ni ni kaɗai a gida. Sunayen mutane sun gudu, hanyoyi sun gudu, amma Alƙur'ani da addu'a ba su bar bakinsa ba, in ya ɗaga hannu har yanzu sai falo ya yi tsit.

Lokacin da abin ya fi ƙarfin ɓoyo, jikinsa ya riga ya kwanta, ƙafar da za ta yi yawo babu ita. Kuka ce ciwon farat ɗaya ya zo. Ba a kulle masa ƙofa ba, ba a ɗaura masa komai ba, yaro bai nuna shi da yatsa ba. Ranar jana'izarsa motoci har bakin babban titi. Na san abin da Kabiru zai ce in ya karanta wannan, zai ce da an sani da wuri da an nemi magani. Wataƙila. Ku ne masu ilimi. Ni dai abin da mijina ya roƙe ni na yi, kuma da za a mayar da ni kan benen nan, abin da zan sake yi ke nan. Ba gafara nake nema ba, sunana nake karɓa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan.

Akwai hoton da Kabiru ya ɗauke mu ta baya wata la'asar, muna tafiya masallacin unguwa, hannunmu a haɗe. Shi ne ya sa wa gilashi ya rataye a falo, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa, ya ce ga Baba yana jan Hajiya. Ban ce a sauke shi ba. Amma in kun gama karatun nan, ku tashi ku je gabansa, ku duba da kyau ƙafar wa ke gaba.